Yadda ake zama da ƙaramar motar lantarki a Kebbi, daga soket har zuwa jan tirela

Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, mai mota a Birnin Kebbi ya koma mai lissafi. Kafin ya leƙa ɗaurin aure a Jega ko ta'aziyya a Argungu sai ya dubi allurar mai tukuna. Da lita ta haura naira dubu a ƙarshen 2024, har mutanen da ke yi wa motar lantarki kallon kayan yayi suka fara tambayar kuɗinta da gaske. A ganina tambayar ta dace, kuma ƙaramar motar lantarki tana iya riƙe magidanci a nan da kyau, amma da sharaɗi guda: a gama da maganar wutar gida kafin a je wurin dillali. Duk wanda ya fara biyan kuɗin mota sannan ya koma neman inda za ta sha wuta, ƙarshenta ajiye ta zai yi a gindin darbejiya tana tara ƙura. Don haka matakan nan daga gida za su fara.

Mataki na farko: littafi da biro

Ka samu ƙaramin littafi ka riƙa rubuta abu biyu na tsawon wata guda. Na ɗaya, kilomita nawa ka yi kowace rana, daga lambar da ke gaban sitiyarin motarka ta yanzu. Na biyu, awa nawa aka bar muku wuta, da kuma lokacin da ake kawo ta. Kada ka yarda da ƙiyasin ka, domin mutum ya fi tuna ranar da ya je Sakkwato a kan kwanakin da bai wuce ofis da makarantar yara da kasuwa ba.

Ga ma'aunin da za ka ɗora a kai. Ƙaramar motar lantarki tana shan wajen yunit 15 zuwa 17 a kilomita 100, irin yunit ɗin da kake saye a mitar kati. Wani abu kuma yana salwanta a hanyar caji ya zama zafi, kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Saboda haka ka ƙaddara yunit 18 daga mita zuwa kilomita 100. Mai yin kilomita 40 a rana yana buƙatar yunit 7 ke nan ko sama kaɗan.

Sai ka duba rukunin da kamfanin rarraba wuta na Kaduna, wanda shi ke ba Kebbi da Sakkwato da Zamfara, ya sanya layinku. A ƙa'idar NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar wutar lantarki, Band A awa 20 ne a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. Wannan a takarda ke nan. Abin da littafinka ya nuna shi ne abin dogaro. A watan Afrilun 2024 an kai yunit ɗin Band A naira 225, daga baya ya sauko ya tsaya a ɗan sama da 200. Ko da wannan farashi mai tsada, kilomita 100 bai kai naira dubu huɗu ba, alhali ƙaramar motar fetur za ta sha lita 7 ko 8 a tafiyar. Ka ninka da kuɗin lita na ranar ka ga ratar da kanka.

Idan littafin ya nuna kana samun wuta mai ƙarfi awa huɗu zuwa biyar a yawancin ranaku, kuma zirga-zirgarka ba ta wuce kilomita 50 ba, to hanya a buɗe take. In ba haka ba, sai ka karanta mataki na uku da kyau kafin ka yanke shawara.

Mataki na biyu: wayarin

A nan ne na fi so mai karatu ya nutsu, domin kuskuren nan gobara yake haifarwa.

Kusan kowace motar lantarki tana zuwa da cajar hannu, wadda ake sokawa a bango. A kan amfiya 10 da ƙarfin wutarmu na bolt 230, tana jan kilowat 2.3. Wato awa takwas na caji yana ba da yunit 18, kimanin kilomita 100. Ga mafi yawan mutane wannan ya wadatar. Matsalar ita ce soket ɗin ɗakinka ba a yi shi don ya kwana yana ɗauke da irin wannan nauyi ba. Dutsen guga da hita suna ja su huta. Mota kuwa ja take yi ba sassauci har gari ya waye. Wayar da aka murɗa aka naɗe da salatif a cikin silin shekara goma da suka wuce, a nan za ta nuna halinta.

Ka nemo mai wayarin da ya san aikinsa, ba yaron shago ba, ka ce masa kana son layi na musamman daga akwatin rarraba wuta zuwa inda motar za ta riƙa kwana, kuma ba abin da zai raba layin da ita. Ga abin da za ka tsaya a kai:

Waya ta jan ƙarfe tsantsa, mai kauri 2.5 mm idan wurin kusa ne, 4 mm idan akwai nisa. Kasuwa cike take da wayar da aka yi wa fentin jan ƙarfe a kan alminiyam. Ka kankare bakin da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka mayar.

Bireka tata ita kaɗai, da na'urar da ke yanke wuta nan take idan ta fara tsiyaya ta jikin mutum ko ta ruwa, wadda masu aikin ke kira RCD, mai lamba 30 mA.

Na'urar kariya daga hauhawa da faɗuwar wuta. Kowa ya san yadda wuta ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, da kuma yadda take yin ƙasa da magariba har fanka ta kasa juyawa. Cajar da ke cikin motar tana da tsada ƙwarai, kuma ba a samunta a kowace kasuwa.

Sai wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta tsiyaya cikin ƙasa. Gidaje da yawa ba su da ita sam, ko kuma an kafa ɗan guntun rodi don cika ido. Cajar mota tana gwada wayar ƙasa kafin ta saki wuta, in ba ta gamsu ba sai ta kunna jar fitila ta ƙi aiki. A nan ne za ka ji mai wayarin ya ce, "Alhaji, bari in haɗa mata da nutural kawai, yanzu za ta kama." Ka ce masa, "A'a Malam, a kafa sandar gaskiya." A tona rami a wuri mai danshi, a kafa sandar jan ƙarfe mai tsawo, a ɗaure wayar da maƙali mai noti. Ƙasarmu tana bushewa ƙayau da rani, don haka ka riƙa kwara ruwa a wurin lokaci lokaci.

Soket kuma, maimakon na gida mai baki uku, gara shuɗin nan mai murfi na masana'antu mai amfiya 16, in filogin cajarka ya dace da shi ko za a iya sauya masa kai. Kada ka taɓa caji ta wayar ƙari irin wadda ake jona talabijin.

Ranar farko ka gwada da hannunka. Ka jona, ka bari a yi minti talatin, ka dawo ka ɗora bayan yatsunka a kan filogi da murfin soket. Ɗumi kaɗan ba komai. In ka ji zafin da ya sa ka janye hannu, ko ka shaƙi warin roba, ka kashe daga bireka, a kwance a sake ɗaure wayoyin. Ka maimaita gwajin duk wata, domin zafi da sanyi suna sassauta noti.

Akwai cajar bango mai kilowat 7, mai jan amfiya 32, wadda ke yin aikin awa takwas cikin ƙasa da awa uku. Tana da amfani ga wanda ake ba wuta mai ƙarfi na ɗan gajeren lokaci. Sai dai tana son waya 6 mm ko fiye, kuma a unguwar da taransifoma ke nishi ba adalci ba ne ka ɗora masa wannan kaya da magariba lokacin da maƙwabta ke neman haske. Ka saita ta ta fara bayan sha biyun dare.

Mataki na uku: sola, da gaskiyar maganar janareta

Rana dai Allah ya ba mu ita. A wannan yanki, fanel na kilowat ɗaya yana ba da yunit 4 zuwa 5 a yini idan an kafa shi daidai. Mai buƙatar yunit 7 don mota ya tanadi fanel huɗu masu wat 500, ban da na hidimar gida. Inbata kuma kada ta gaza kVA 5, domin firji da fankoki ba za su tsaya jiran mota ta ƙoshi ba.

Abin da mai sayar da sola ba zai fara gaya maka ba shi ne lokaci. Rana tana bayarwa sosai daga hantsi zuwa la'asar, daidai lokacin da motar ma'aikaci ke ajiye a sakatariya. In motar tana wuni a gida ko a shagonka, ka jona ta kai tsaye ta sha daga rana; wannan shi ne caji mafi araha da za ka taɓa samu. In kuwa sai dare take dawowa, dole a tara wutar a batirin gida sannan a juye mata, kuma batiran ruwan nan masu 220Ah ba za su jure ba. Kowane ɗaya yunit biyu da rabi yake ɗauka, rabin wannan ne kawai ake iya cira kullum ba tare da an kashe shi ba. Sai batirin litiyam mai yunit 10 ko fiye, shi kuma kuɗi ne na gaske. Shi ya sa ɗan kasuwa mai rumfa a bakin shago ya fi ma'aikacin gwamnati morar wannan tsari. Wasu kuma sukan tsara mako ne: Asabar da Lahadi motar ta wuni tana sha ta cika, ranakun aiki kuma a riƙa ƙara mata da abin da NEPA ta kawo.

Ka sayi cajar da ake rage wa ƙarfi, mai matakan amfiya 6, 8, 10, 13. Da safe ko ranar hazo ka sauke ta zuwa 6, rana ta take ka ƙara. Da hunturu kuma ƙura tana rufe fanel cikin 'yan kwanaki, sai an riƙa wankewa da sassafe kafin gilashin ya ɗauki zafi.

Janareta na ranar larura ne kawai. Ƙaramin inji mai kVA 3 yana ba da abin da bai wuce yunit biyu ba a litar fetur. Don samun yunit 18 sai ka ƙona lita tara ko fiye, alhali motar fetur da lita takwas za ta yi tafiyar. Ka sayar da akuya ke nan ta dawo tana ci maka danga. Ga shi kuma cajoji da yawa ba sa karɓar wutar janareta sai an kafa masa wayar ƙasa yadda ya kamata.

Mataki na huɗu: zaɓen motar

Kada fenti da allon gaba su ɗauke maka hankali. Babban kaso na darajar motar yana ƙarƙashin kujeru, wato batir, kuma babban abokin gabansa zafi ne. Daga Maris zuwa Mayu ma'auni yana wuce digiri 40 a Birnin Kebbi, ga kwalta na turiri a ƙasa.

Tambayar farko: da me ake sanyaya batirin? Nissan Leaf, wadda ake iya samu a cikin 'yan Kwatano, tsofaffin samfuranta ba su da tsarin sanyaya batir da ruwa. Tun a 2012 masu ita a jihar Arizona mai zafi a Amurka suka koka da saurin raunin batir. Ban ce kada a saya ba, amma a saya da ido buɗe. A allon Leaf akwai sanduna 12 da ke nuna lafiyar batir, ta farko tana ɓacewa idan ya sauko wajen kashi 85. Mota mai sanduna takwas ko tara, tafiyar cikin gari kawai za ta yi maka, kuma a bazara biyu za ka ga bambanci. Hyundai Kona ta lantarki, wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas aka bayyana ta a ƙarshen 2020, da ruwa ake sanyaya batirinta mai yunit 64.

Tambaya ta biyu: wane irin batir ne? Wanda ake kira LFP, irin na motocin BYD, ya fi haƙuri da zafi kuma bai damu da a cika shi taf ba. Ɗayan, NMC, ya fi ɗaukar wuta a nauyi ɗaya amma ya fi son lallashi. Ga yanayinmu ni LFP na fi nutsuwa da shi.

Ta uku: bakin caji. Ba iri ɗaya ba ne. Motar da ta fito daga Turai tana da Type 2 da CCS2, ta kasuwar cikin Sin GB/T, ta Amurka galibi Type 1, tsohuwar Leaf kuma CHAdeMO take amfani da shi wajen caji mai sauri. Ka buɗe murfin ka ɗauki hoto, duk cajar da za ka saya ka gwada da shi. Kuma ga tarko: cajar hannun da ke zuwa da wasu motocin Amurka ta bolt 120 ce kawai. Ka juya bayanta ka karanta. In ba ka ga 230 ko 240 ba, kada ka soka ta a bangonmu, take za ta ƙone.

Kafin ka biya, a soka ƙaramar na'urar OBD, mai karanta kwamfutar mota, a ƙarƙashin sitiyari a karanta lafiyar batir a waya. Sannan a cika motar, ka kunna esi, ka tuƙa ta zuwa Jega ka dawo, ka ga kashi nawa ta ci. Dillalin da ya hana ka wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa. Ka sa a ɗaga ta ka leƙa ƙasa ko akwai lotsewa a kwanon batir, ka ɗaga kafet ka duba tsatsa da laka, domin motocin da ambaliya ta cinye a waje suna shigowa da sabon wanki. Lambar nisan da ke takardar talla kuma ka rage mata kashi ɗaya cikin huɗu, abin da ya saura shi ne naka. Takardun kwastan su zama cikakku kamar na kowace mota.

Mataki na biyar: zaman yau da gobe

Ka yi mata rumfa, ko ta zana ce. A wurin aiki ka nemi inuwa ko da za ka ƙara taku. Mai batirin NMC ya riƙa wasa tsakanin kashi 20 da 80, ya cika ɗari sai daren da zai yi tafiya. Mai LFP ya cika ɗari kamar sau ɗaya a mako don ma'aunin ya daidaita. Abin da ya fi cutarwa shi ne a cika batir taf a bar motar kwanaki a rana. In ka dawo daga doguwar tafiya da azahar, ka bar ta ta huce kafin ka jona. Amma ka riƙe wata ɗabi'a: duk lokacin da motar ke gida kuma akwai wuta, a jone take. Ba ka san yaushe layin zai faɗi na kwana uku ba.

Tuƙin yana da daɗi, ba giya ba ƙara, kuma da ka ɗaga ƙafa daga totur injin da kansa yake rage gudu yana mayar da wuta cikin batir. Shirun nan yana son kula. Yara a lungu, awaki, tsoho mai sanda, 'yan kabu-kabu, duk da kunne suke sanin mota na tafe. Ka rage gudu a unguwa, ka riƙa taɓa hon a hankali, kuma kafin ka ja da baya a gida ka zagaya motar da ƙafa.

Tudun rage gudu da ramuka a bi su sannu, saboda batir a ƙasa yake. Ruwan sama da wanki ba sa yi mata komai, amma da damina in ruwa ya kai tsakiyar taya, ka juya.

Mataki na shida: tafiya mai nisa

Argungu da dawowa kilomita ɗari ne da 'yan kai, kowace mota mai lafiyar batir za ta yi. Sakkwato kuwa wajen kilomita 150 ce zuwa kaɗai, Yauri ta kusa 200. A irin wannan sai ka san inda za ka jona kafin ka fito, kuma da cajar hannu kwana ne. Ka kira mai masaukinka ka tambayi wutar unguwarsu da irin soket ɗinsu, ka tafi da cajarka, ka kuma saya masa yunit ba sai ya buɗe baki ba.

A 2021 NADDC, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, ta buɗe tashar caji mai aiki da sola a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, a zamanin shugabancin Jelani Aliyu, wanda ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, kuma a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi ya karanta zanen gine-gine. Abin alfahari ne. Duk da haka kowace tasha ce, ka tabbatar a ranar cewa tana aiki kuma bakinta ya dace da motarka.

Gudu shi ke shanye batir: 80 zuwa 90 ya fi 120 nisan zango sosai. Ka tsara ka isa da saura kashi 20, kuma da rana. Ba a zuba wa motar nan galan a bakin hanya, kuma kowa ya san ba kowace hanya ake son dare ya riski mutum a tsaye ba.

Mataki na bakwai: jan ƙaramar tirela

Mu mutanen fadama ne, don haka tambayar takan zo da wuri: za ta ja mini taki da injin ban-ruwa zuwa gona? Ƙarfi kam akwai, tun daga tsaye injin lantarki ke ba da dukkan ƙarfinsa. Amma ƙarfi ba shi ne hukunci ba. Hukuncin yana ga abin da kamfanin ya amince bayan motar da birkinta su ɗauka.

Ka buɗe littafin motar ka nemi shafin ja. A motocin Turai akwai kuma ɗan allo a jikin ginshiƙin ƙofa mai lambobin nauyi huɗu. Na farko nauyin motar da kayanta, na biyu nauyin motar haɗe da tirela. Ka cire na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne kimanin abin da za ta ja. In layi na biyu babu komai ko sifili ne, ba a yi ta don ja ba, magana ta ƙare. Tsofaffin Leaf suna cikin waɗanda ba a amince musu ba. MG4 an ba ta kilo 500, Kia Niro ta lantarki samfurin 2022 kilo 750.

Lambar ta haɗa da nauyin tirelar kanta, kuma a nan mutane ke ruɗuwa. Ƙaramar tirelar da mai walda ya ƙera da ƙarfe mai kauri tana iya kai kilo 170 ko 200 ba komai a ciki. Ka kai ta sikeli ka sani. In iyakarka 500 ce, tirela ta ci 180, saura 320: buhun taki shida masu kilo 50, shi ke nan. Ko injin ban-ruwa da tiyo da jarka huɗu. Buhun shanshera ba shi da tsayayyen nauyi, wani ɗinkin ya kusa kilo ɗari, don haka uku sun isa. Kwasar amfanin gona gaba ɗaya aikin a-kori-kura ne, a bar mata.

Ƙarfen ja kuma a sayi wanda aka ƙera don wannan samfurin, mai ɗauruwa da noti a ramukan da kamfani ya tanada. Kada ka bari a kunna walda ko a huda ƙasan motar. Batir da manyan wayoyi suna nan kusa. Fitilun tirela, na birki da sigina, a jona su ta ƙaramin akwatin da aka yi don haka, domin yanka wayar fitilar baya a ɗora wata yana rikita kwamfutar motar.

Lodi shi ne inda rai yake. Kaya masu nauyi a shimfiɗe a ƙasa, kashi shida cikin goma a gaban tayoyin tirela, huɗu a baya. Sannan a auna nauyin da bakin tirelar ke dannawa a kan ƙarfen ja. Ka ajiye sikelin gida a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tauri, ka tsayar da guntun katako a kansa daidai tsayin ƙarfen ja, ka ɗora bakin tirelar ka karanta. Littafin motar zai faɗi iyaka, galibi kilo 50 zuwa 75. In ya wuce, ja buhu ɗaya baya kaɗan. In ya yi sauƙi har kana ɗaga bakin da yatsu biyu, wannan ya fi haɗari, domin tirela mai nauyin baya tana fara kaɗa wutsiya da zarar an ɗauki gudu. Ka ɗaure kaya da igiya mai ƙarfi, ka maƙala sarƙar kariya, ka ƙara wa tayoyin baya iska zuwa lambar cikakken lodi da ke jikin ƙofa, ka sa yaro ya tsaya a baya ya gaya maka ko fitilu na kamawa.

A hanya kada ka wuce 60 zuwa 70. Ka taka totur a hankali, ka ninka ratar da ke tsakaninka da na gaba, ka buɗe kwana. In tirela ta fara lilo, kada ka danna birki da ƙarfi kuma kada ka biye mata da sitiyari. Riƙe shi sak, ɗaga ƙafa, gudun ya sauka da kansa. Ka sani kuma batirin da ya cika ɗari ba ya karɓar wutar da ake mayarwa, don haka motar ba za ta riƙe kanta yadda ka saba ba sai ta ɗan sha. Mai saukowa gangare irin na ƙasar Zuru da kaya ya fara da kashi 90.

Nisan zango zai ragu da kashi ɗaya cikin uku, wani lokaci rabi. Iska ce ta fi nauyi ci: tirela mai gajeren gefe da aka lulluɓe da tamfal tsaf ta fi wadda aka tula wa kaya sama sauƙi nesa ba kusa ba. Tafiyar farko ka yi ta kusa, kamar Kalgo, ka rubuta abin da ta ci, ka riƙe wannan lambar. Da ka isa inda kwalta ko tsakuwa ta ƙare, ka tsaya a sauke. Motar ta fi ta fetur nauyi, kuma a yashi ko laka tayarta nan da nan take haƙa rami ta zauna a kan batir. Amalanken shanu ya ƙarasa da kayan.

Mataki na takwas: gareji da janwe

Babu baƙin mai, babu fulogi, babu salansa. Abin da ya rage: taya, wadda ke saurin cinyewa saboda nauyi, man birki, ruwan sanyaya batir, matatar iskar esi da hunturu ke toshewa, da ƙaramin batir mai bolt 12. Wannan ƙaramin shi ke tayar da kwamfuta, in ya mutu motar ba za ta motsa ba ko babban ya cika. Zafinmu ba ya barin sa ya daɗe, don haka ka riƙa gwada shi, ka kuma ajiye wayar jona batir a but.

Bakaniken unguwa zai iya taya da birki da shokozoba. Amma duk wayar da ka gani mai ruwan lemo tana ɗauke da bolt 350 zuwa 400, taɓa ta na iya kisa; ka nuna masa ita da yatsa ka ce kada hannunsa ya je wurin. Mai zuba gas ɗin esi ma ka tsaya a kansa, domin kwamfuresar motar lantarki tana da nata mai na musamman, in aka zuba na motar fetur yana lalata ta.

Idan ta tsaya a hanya, kada a ɗaura mata igiya a ja ta a kan tayoyinta. Tayoyin da injin ke juyawa a haɗe suke da shi kullum, jan su yana haifar da wuta da zafin da ke ƙona kayan ciki. A turo ta gefen titi a hankali, sannan a kira janwe mai shimfiɗaɗɗen baya ya ɗauke ta cak. Irin wannan janwe ba shi da yawa a garuruwanmu, saboda haka ka nemi lambar direba ɗaya ko biyu tun makon da ka sayi motar, ka tambaye su har ina suke zuwa da kuma nawa suke karɓa.